Takobin Kaka a Hannun Mai Wankin Hula

Idan ka bi ta unguwar Yalwawa da hantsi, za ka ga huluna a jere a ƙofar wani ɗan shago, kowacce an kifa ta a kan gungumen katako tana shan rana. Mai shagon yayana ne, Yaya Maharazu. Shekara talatin da 'yan kai ke nan yana wankin hula a Dutse, tun lokacin da aka mai da garin babban birnin jiha, ma'aikata suka fara cika shi da manyan riguna. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin an ce ya ɓatar da hular wani ko ya musanya ta ba, sai sau ɗaya bara. Ba ya rubuta suna, ba ya manna takarda. Kallo ɗaya zai yi wa hula ya ce ta wane ce, har ya gaya maka ko mai ita yana yawan gumi.

Ni ce Zaituna, autarsu, ina koyarwa a wata firamare, ina zaune a unguwar Takur. Zan faɗi gaskiya a kan Yaya ko da zai ji haushi: mutumin nan ba ya iya ganin datti ya wuce. Ya taɓa zuwa gidana gaisuwa, na shiga ɗaki in kawo masa ruwa, kafin in fito ya tsuguna yana dirzar butata da toka. Tun muna garinmu Aujara haka yake. Idan Baba zai kai rago kasuwa, Yaya ne zai wanke shi da sabulu har ya tsefe masa gashi, domin a wurinsa kai kaya gaban mutane da dauɗa rashin mutunci ne ga mai kayan da mai saye. Mun sha yi masa dariya a kan wannan hali. Bara ne muka daina.

Baba ya rasu bayan girbi. Ba a kai ga zaman rabon gado ba, wata huɗu kacal a tsakani, sai Yaya Sagiru, wanda nake bi, shi ma ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Ya bar matarsa Rukayya da yara biyu, Bilki mai shekara shida da Fahad mai shekara uku, kuma rabonsa na gadon Baba ya koma kansu. Saboda haka ranar da Malam Yahuza Ashafa, limamin unguwarmu a Aujara, ya zo rabo, magada su ne babbarmu Yaya Hassana, da Yaya Maharazu, da ni, da iyalin marigayi. Gona aka gwada da igiya, hatsi aka auna, awaki kowa ya ja nasa. Abu ɗaya ne ya ƙi rabuwa, shi ne takobin Kaka.

Kakanmu, wanda Aujara take kira Ahmadu Soja, yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama, can gaba da Indiya, suka yi yaƙi da Japanawa a cikin daji. Ya dawo da tari wanda bai taɓa barinsa ba, da kuma wannan takobi. Bai taɓa gaya wa kowa yadda ya same shi ba, mu ma ba a haife mu da bakin tambayarsa ba. Takobin bai yi kama da namu ba. Yana da ɗan lanƙwasa, bakinsa ɗaya ne, mariƙinsa dogo ne na hannu biyu, an naɗe shi da wata igiya mai launin ƙasa, kubensa kuma na ƙarfe ne. Baba yana ajiye shi a ƙasan akwati, sau ɗaya a shekara yakan zare shi ya shafa masa man keken ɗinki ya mayar.

Malam Yahuza ya juya shi a hannu, ya ce, "Wannan dai ba ya yankuwa gida shida. A nemi wanda ya san irinsa ya yi masa ƙima, a sayar, a raba kuɗin. Akwai marayu a ciki. Kada a yi gaggawa, kada kuma a yi sakaci." Sai ya miƙa wa Yaya Maharazu. "Kai ne namiji babba, kuma kai kake birni. Amana ce."

Na ga yadda Yaya ya karɓa da hannu biyu. Daga Aujara har Dutse a kan cinyarsa ya riƙe shi cikin buhu, duk shingen da mota ta tsaya sai na ji numfashinsa ya canja, yana tsoron a ce a buɗe. Tun daga ranar bai ƙara samun natsuwa ba. Abin da yake nanatawa ɗaya ne: "Zaituna, kaso ɗaya cikin uku na abin nan na gidan Sagiru ne. Idan na sayar da araha, haƙƙin yaran nan yana wuyana."

Wanda ya fara zuwa gani shi ne Ɗan'inna, wani dillalin tsofaffin kaya da ke kawo wa Yaya wankin hula. Ya zare takobin kamar tafin hannu ɗaya, ya mayar da sauri, ya taɓe baki.

"Tsohon ƙarfe ne kawai, Malam Maharazu. Amma saboda zumunci zan ba ka dubu ɗari uku, yanzu-yanzu."

Dubu ɗari uku a tsohon ƙarfe, kuma yanzu-yanzu! Ko ni da ban san kan ciniki ba na san akwai magana. Yaya ya ce zai yi shawara. Washegari Ɗan'inna ya dawo da dubu ɗari biyar ba tare da an ce ya ƙara ba. A nan hankalin Yaya ya ƙara tashi, don ya gane abin da ke hannunsa ya fi ƙarfin saninsa, ga shi bai san wanda zai tambaya ba.

Ni ce na tuna da Alhaji Misbahu Abdurrahman, wani dattijo a layinmu na Takur wanda ya yi aiki shekaru da yawa a gidan adana kayan tarihi kafin ya yi ritaya. Ya ce a kawo ranar Alhamis, domin da Juma'a zai yi tafiyar mako biyu. Alhamis kuwa ita ce ranar da Yaya ba ya ko ɗaga kai, kowa yana son hularsa kafin masallacin Juma'a. Dole ni na ɗauki buhun na kai.

Alhaji ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ya wanke hannu ya goge, sannan ya zare takobin a hankali. Ruwan takobin ba ya walƙiya, ya yi duhu-duhu, da 'yan ɗigon tsatsa nan da can. Ya karkata shi wajen hasken taga ya ce in duba gefen kaifin. Sai na ga wani farin layi yana tafiya a karkace tun daga gindi har tsini, kamar sawun ruwa a kan yashi.

"Kin ga wannan, Malama? Yawancin takubban da sojojin Japanawa suka riƙe a yaƙin nan inji ne ya buga su, da yawa ma akwai lamba a jiki. Wannan babu lamba. Wannan layin kuma wuta da hannun maƙeri ne suke fitar da shi. Wasu hafsoshinsu sukan ɗauko takobin gidansu na kaka da kakanni, a sa masa mariƙi da kube irin na soja, su tafi da shi. Bari mu ga ko haka ne."

Ya ɗauko wani ɗan tsinke ya tura wata 'yar ƙusar gora da ke gefen mariƙin, ta fito ta ɗaya gefen. Ya ɗan bubbuga, sai mariƙin ya zame. Shekarunmu nawa da takobin nan a gida, babu wanda ya san yana buɗewa. Wutsiyar ƙarfen da ke shiga cikin mariƙin ta yi baƙi ƙirin da tsatsa, kuma a jikinta akwai rubutu da aka sassaƙa, irin nasu. Alhaji ya yi ta ɗaukar hoto da waya, gaba da baya. Ya ce shi ba ya karanta rubutun, amma ya san wani baƙo da ke zaune a Abuja wanda yake tara irin waɗannan kaya, zai tura masa.

Har na kai bakin ƙofa ya kira ni. "Malama, a bar shi yadda yake. Kada a taɓa shi da komai, ko da jiƙaƙƙen tsumma ne."

Na ce to. Wallahi na ce to.

Na isa Yalwawa na tarar da shagon a cike, mutum biyar suna jira, Yaya hannu duk sitaci. Na ja shi ciki ina rawar jiki, na ba shi labarin layin da na rubutun da baƙon Abuja. Don in burge shi har na tura 'yar ƙusar gorar na nuna masa yadda mariƙin yake fita. Ya kalli baƙar wutsiyar, ya yamutsa fuska.

"Haka kika nuna wa mutumin? Da wannan uwar tsatsar?"

Na yi dariya na ce halinsa ya motsa. Wani ya ƙwala masa kira daga waje, ni kuma mai keken da ya kawo ni yana ta danna min ham. Na fita. Maganar da Alhaji ya kira ni musamman ya gaya min, ita kaɗai ce ban faɗa ba. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Abin da ya biyo baya daga bakin Yaya na ji. Ya ce ya kwana biyu yana tunanin babban baƙo zai zo daga Abuja ya ga takobin Kaka cikin tsatsa, a ce kuma daga hannun mai wanki ya fito. Ya ce ya ga ai ko don marayun nan ya kamata ya gyara shi ya yi kyan gani, kuɗinsa ya ƙaru. Ranar Asabar ya ɗauke shi ya kai wa mai wasa wuƙa a kasuwa, aka kara shi a inji gefe da gefe, har duhun nan ya tafi. Wutsiyar kuwa bai yarda kowa ya yi masa ba. Da hannunsa ya zauna da samfefa da toka da lemon tsami, kwana uku, duk lokacin da shago ya yi sauƙi. Yaya idan ya sa kansa aiki ba ya yin rabi.

Da Alhaji ya dawo daga tafiya ya aiko a kira mu. Muka je tare da la'asar, Yaya cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya canja wa takobin ma buhu, ya naɗe shi a sabon yadi. Muka tarar da Alhaji baki har kunne.

"Malam Maharazu, albishirinka. Rubutun nan sunan maƙerin ne da garinsu. Mutumin ya ce takobin ya haura shekara ɗari uku, ya girmi yaƙin da kakanku ya je nesa ba kusa ba. Ya ce idan yana nan kamar yadda yake a hoto, zai biya miliyan tara."

Yaya ya yi ta hamdala, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Allah ya rufa wa yaran Sagiru asiri." Sannan ya warware yadin da alfahari, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai yanzu ma ya fi yadda yake a hoton."

A nan na tuna saƙon Alhaji, tun kafin in ga komai.

Alhaji ya zare takobin. Ya fito yana ƙyalli kamar sabon faranti. Ya karkata shi wajen taga, ya sake karkatawa, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Farin layin nan babu shi, sai sawun inji a jere. Ya tura ƙusar gorar. Wutsiyar ta fito fara tas, rubutun ya shafe saura kaɗan, sai ka ƙura ido za ka ga inda yake. Alhaji ya ajiye shi a kan ƙyallen. Da ya ɗago, ni ya kalla, ba Yaya ba.

"Malama, ban gaya miki ba?"

Na sunkuyar da kai. Yaya ya kalle ni, ya kalli Alhaji. "Lafiya, ranka ya daɗe? Wani wuri ne ban goge ba?"

Alhaji ya yi masa bayani a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Ya ce baƙar tsatsar wutsiyar nan ita ce shaidar shekarunsa, da launinta masana suke gane tsufan takobi, kuma babu mai iya mayar da ita. Ya ce ruwan takobin ma ba a wasa shi da inji. A can ƙasarsu akwai masu wannan sana'a kaɗai, da duwatsu iri-iri suke yi, su yi makonni a kan guda ɗaya, kuma abin da inji ya cinye ya tafi ke nan. Ya ce zai sake tura hoto, amma kada mu sa rai.

Amsar ba ta ɗauki awa ɗaya ba, muna zaune ta shigo. Mutumin ya ce zai iya ba da miliyan biyu, saboda kuben da mariƙin da ba a taɓa ba.

A hanya na so Yaya ya zage ni, da ya fi min sauƙi. Sai da muka kai mararrabar da za mu rabu na ce, "Yaya, laifina ne. Ya gaya min, ni ce na manta."

Ya ce, "Ke mantawa kika yi. Ni kuwa hannuna ne ya yi. Wa ya aike ni?"

An sa ranar zama a Aujara nan da kwana tara. A cikin kwanakin nan na ga yayana ya koma wani mutum daban. Matarsa ta ce min tuwo yadda ta kai haka take ɗaukowa. Ranar Alhamis ya ba wani darakta hular wani direba, abin da bai taɓa yi ba, sai da mutumin ya dawo yana faɗa. Na je na same shi a shago ya riƙe buroshi a kan hula ɗaya, ba ya gogewa, ba ya ajiyewa.

Abin da ke cin sa na san shi. Mu uku ne kawai muka san maganar miliyan tara, ni da shi da Alhaji, kuma Alhaji ba mutumin Aujara ba ne, ba ya kuma da surutu. A gida babu wanda ya taɓa zaton takobin zai kai ko da miliyan ɗaya. Idan Yaya ya je ya ajiye miliyan biyu a gaban Malam Yahuza, addu'a za a yi ta yi masa. Idan kuwa ya faɗi gaskiya, ya san hukuncin tun muna makarantar allo: wanda aka ba ajiya ya yi abin da ba a sa shi ba har ta lalace, shi zai biya. Kuma Yaya abu ɗaya ya mallaka a duniya da za a iya sayarwa, wani fili a bayan gari wanda ya tara kuɗinsa da wankin hula shekara da shekaru. Yana da shekara hamsin da takwas, har yanzu a ɗaki biyu na haya yake da iyalinsa, kuma a wannan ranin ya yi niyyar fara aza tubali.

Ba zan ɓoye nawa ba. Ni ce na fara ce masa ya yi shiru.

"Yaya, wa ka cuta? Niyyarka ta alheri ce. Da ba mu je wurin Alhaji ba, da dubu ɗari biyar za a raba, kowa yana murna. Yanzu miliyan biyu ce. Ka kai musu, ka rufe bakinka."

"To ai mun je wurin Alhajin, Zaituna."

"Kuɗin da ba a taɓa riƙewa a hannu ba, ta yaya za a ce an yi asararsa? Magana ce kawai a waya!"

"Da ban taɓa shi ba, da mutumin ya biya ko bai biya ba?"

Na yi tsaki na tashi. Haushi nake ji, nasa da nawa, kuma tsoro nake ji. Har ranar tafiya ban san abin da zai yi ba. Ina jin shi ma bai sani ba, don a mota sau biyu yana buɗe baki kamar zai yi min magana, sai ya mayar ya rufe.

Aka zauna a zauren Baba da hantsi. Malam Yahuza yana kan buzu, Yaya Hassana da Rukayya da ni muna daga ciki kusa da ƙofa, ga dattawa biyu na unguwa don shaida. Yaya ya ce an sami mai saye a kan miliyan biyu. Zauren ya ɗauki salati. Yaya Hassana ta fara sa masa albarka, Rukayya ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Malam ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Na sauke ajiyar zuciya, na ce a raina shi ke nan, ya wuce.

"Allah ya gafarta Malam, a dakata tukuna."

Yaya ne, kuma bai tsallake komai ba. Ya faɗi maganar rubutun, da miliyan tara, da injin kasuwa, da samfefa. Abu ɗaya ya bari, bai ce an ba ni saƙo na manta ba. Ni na faɗa da bakina, don ba zan iya zama ina ji ba.

Yaya Hassana ce ta fara magana, kuma da faɗa ta fara, don ita ma ba ta da sanyi. "Kai dai Maharazu, da wankin nan naka za a binne ka! Takobin ma sai ka wanke?" Sai ta sassauta murya. "Ni na yafe nawa. Abin da ban taɓa sa rai da shi ba, ba zan tsaya a kansa da ƙanina ba."

Na ce ni ma na yafe, da ma ni ce da neman yafiya. Rukayya ta ce tun rasuwar mijinta Yaya ne yake aiko musu da sabulu da kuɗin cefane, ta yafe duniya da lahira, ita da 'ya'yanta.

Na ga kafaɗun Yaya sun sauka. Ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin riga. Wallahi na ɗauka an gama.

Malam Yahuza ya gyara zama. "Hassana ta yafe, ya yafu. Zaituna ta yafe, ya yafu. Rukayya, naki kason na matar mamaci kin yafe, Allah ya ba ki lada. Amma na Bilki da Fahad ba naki ba ne."

"Malam, ai ni ce uwarsu."

"Ke ce uwarsu, amma dukiyarsu ba taki ba ce da za ki yi kyauta da ita. Ni ma ba ni da wannan iko, duk wanda ke zauren nan ba shi da shi. Yaro ba ya yafe dukiya sai ya balaga ya yi hankali, kuma babu mai yafewa a madadinsa." Ya juya ga Yaya. "Na so a ce akwai wata hanya, Maharazu. Za a nemi shaidar Alhajin nan a kan ƙimar farko da ta biyu. Abin da ya ragu daga kason yaran, yana kanka."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce ko za a jira yaran su girma, ai ba za su ƙi yafe wa baffansu ba. Yaya ya ɗago kai ya tambayi Rukayya shekarun Fahad, duk da ya sani. Ta ce uku. Ya ƙirga da yatsu.

"Wa ya ba ni tabbacin shekara goma sha biyar? Sagiru ma wata huɗu ya yi bayan Baba." Ya kalli Malam. "Ina da fili a Dutse. A sa shi a kasuwa."

Na yi magana, na ce a raba biyan da ni tunda da sakacina a ciki. Ya ce albashin firamare ko ni bai riƙe ba, in zauna. Na yi fushi, na yi kuka, bai saurare ni ba. Daga baya ɗan abin da na samu na takobin na kai masa, ya karɓi rabi da ƙyar, shi ma sai da Yaya Hassana ta sa baki.

Baƙon Abuja ya aiko aka ɗauki takobin. Kason Yaya na kuɗin, ko taɓa shi bai yi ba, ya tura wa yaran. Filin ya yi wata biyu kafin a sami mai saye, kuma da yake an san a matse yake, ba a saya da daraja ba, amma ya cike abin da ya rage. Malam Yahuza ya sa aka saya wa Bilki da Fahad shanu, suna wurin wani makiyayi da Baba ya yarda da shi tun yana raye.

Yaya yana nan a Yalwawa, a ɗaki biyun nan na haya, ya kusa sittin. Kwanaki na bi ta wajen filin a keke, na ga wanda ya saya har ya kai ginin linta. Raina ya ɓaci, na wuce kai tsaye shagon, na same shi yana jera huluna a rana.

"Yaya, na ga filinka. An kusa rufi. Da ka yi shiru ranar nan, da yanzu kai ne a ciki."

Bai ɗago ba, ya ci gaba da daidaita wata hula a kan katako.

"Ɗaki uku na yi niyyar yi, Zaituna. Da na gina, ɗaya na Bilki ne, biyu na Fahad. Ni da iyalina a ina za mu kwana?"

Na zauna a kan benci har ya gama jerawa.